Ta Tsaya a Talatin

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Adawiyya ta zo yau, ƙawar yarinyar, wadda suke aji ɗaya a jami'a. Ta rungumo wata baƙar jaka a ƙirji. Ta ce kwamfutar yarinyar ce. A ɗakin Adawiyyar ta bar ta ranar Laraba, da cewa za ta biyo ta ɗauka in ta dawo daga Djougou. Kwana arba'in da bakwai ke nan tana kallon jakar, sai yau ta iya kawowa.

Da na raka ta ƙofa ta ce, "Mama, akwai bidiyo a ciki. Tana ɗaukar kanta in tana gwada jawabin da za ta yi a aji. Muryarta na nan."

Na ce to, Allah ya yi albarka.

Alhaji yana Malanville wajen albasa. Ƙannenta suna hutu a Tourou gidan ƙanwata Zakiyya. Na tura jakar ƙarƙashin gado, bayan kwanonin da ba a taɓawa.

Laraba, 9 ga Yuli, hantsi

Ba hakkina ba ce, na sani. Duk kayanta Djougou aka kai, wurin Hajiya, mahaifiyar Alhaji. Haka ya dace. 'Yar fari ce. Ranar da aka yaye ta Hajiya ta goye ta ta tafi, ita ta riƙe ta shekara goma sha bakwai. Ni ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita gaban mutane ba. Haka na ga uwata ta yi da yayana. Ko da karatu ya dawo da ita gidan nan shekara biyu, "ke" nake ce mata. A zaman makoki Hajiya ake yi wa gaisuwa, ni ina raba ruwa. Mata suna ta yaba haƙurina.

Tun jiya nake neman muryarta a kaina. Ina ganin bakinta yana motsi, ba sauti. Fuskar tana nan daram. Muryar ce ke tafiya.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ba na son Alhamis, ranar da abin ya faru ke nan. Amma yau ba kowa a gidan.

Na fito da ita. Batirinta ya mutu tun bara, shi ya sa kullum yarinyar ke zama a ƙasa bakin ƙofar falo, kusa da inda ake jona wuta. Na cire fankar ɗakina na jona ta a wurin. Na danna inda nake ganin tana dannawa. Gilashin ya yi shuɗi, wasu ɗigo-ɗigo suna zagaye. Faransancina na aji shida ne, amma na haɗa baƙaƙen a hankali. Mise à jour. N'éteignez pas l'ordinateur. Wato tana sabunta kanta, kada a kashe. A ƙasa akwai lamba, bakwai cikin ɗari.

Zan jira. Me nake yi da ma.

Ƙarfe sha biyu

Talatin.

Bayan azahar

Talatin har yanzu. Tana huci ta gefe, na sa hannu na ji ɗumi. Na je na kashe firigo mai sanyaya abinci don kada ya sha mata kuran, wato wutar lantarki. Ban ɗora tukunya ba.

Bayan magariba

Na yi ɓarna.

Wajen la'asar na ji zem, babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofar gida, sai ga sallamar Hajiya. Ba ta ce tana tafe ba. Likitan ido ta zo gani. Hajiya ba ta tsayawa a falo, kai tsaye ɗaki take shigowa. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Na fizge wayar daga bango. Na ga hasken ya mutu kafin in rufe murfin, na tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa.

Na karanta, na kuma gane abin da aka rubuta. An ce kada a kashe, na kashe. Don kada surukata ta tarar da ni zaune gaban kayan 'yar fari.

Ta shigo ta ce ɗakin nan kamar gidan burodi, me ya hana ni kunna fanka. Na ce ban ji zafin ba. Ta daɗe tana kallona da idon nan nata mai ciwo.

Juma'a, 11 ga Yuli, da rana

Hajiya na nan har jibi. A kan gadon take hutawa. Duk juyin da ta yi sai na dubi ƙarƙashin gadon. Na yi mata wasa-wasa, ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye.

Lahadi, 13 ga Yuli, hantsi

Ta hau mota. Ban ko cire mayafi ba na jona kwamfutar.

Ba ta koma talatin ba. Ta rubuta réparation automatique, wato tana gyara kanta, ɗigon suka zagaya, ta yi baƙi, ta sake tashi da kanta, ta sake rubuta abin. Daga baya wani shuɗin shafi ya fito, rubutu da yawa, da wani fili a tsakiya kamar ana jiran a cike. Ban gane ko rabi ba. Na kashe na kunna. Haka dai. Sau tara.

Litinin, 14 ga Yuli, la'asar

Sau huɗu yau. Ko lambar ba ta fitowa.

Talata, 15 ga Yuli, bayan azahar

Na goge ta da tsumma mai laushi. Na yi mata fifita ko zafi ne. Na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa. Allah ya yafe mini in ba daidai ba ne.

Daga ƙarshe na kira Adawiyya. Na ce kuran ne ya ɗauke. Ƙarya ta biyu ke nan. Ta ce in kai ta wurin Malam Hamissou mai gyara a unguwar Albarika, duk ɗalibai can suke kaiwa. Ta ce abu ɗaya kawai, ko wa ya ce zai yi formate, kada in yarda. Formate wankewa ne, komai na ciki zai tafi.

Na rubuta kalmar a tafin hannuna don kada in manta wadda zan ƙi.

Laraba, 16 ga Yuli, yamma

Na sa jakar cikin kwanon abinci na rufe da zane, yadda duk wanda ya gan ni a unguwarmu Kpébié zai ɗauka tuwo zan kai asibiti. Kan zem na riƙe kwanon da hannu biyu, ko ramin da ya faɗa ban saki ba.

Malam Hamissou dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Da ya ga na kwance zane ya ce shi dai ya ci abinci, amma ba ya mayar da kwano. Ban iya dariya ba. Ya kunna, ya kalli shuɗin shafin, fara'arsa ta ragu. Ya tambaya ko an katse ta tana cikin sabuntawa. Na ce kuran. Ya ce kuran ɗin nan shi ke ɗaukar laifin kowa a garin nan.

Ya ce hanya mai sauƙi ita ce formate, kafin la'asar ta dawo sabuwa. Na ce a'a da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har mai sayar da caja na kusa ya leƙo. Ya ce to ta wace ce, mai ita ta zo da kanta mana. Na ce ta jikar surukata ce.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya dubi takardar jami'a da aka manna a murfin, mai ɗauke da sunanta. Ya ce, "Ita ce ta hatsarin hanyar Bétérou?"

Na dubi ƙasa.

Ya share wani wuri a kan tebur da hannun rigarsa ya ajiye ta ita kaɗai. Ya ce ba wanda zai taɓa ta sai shi.

Na dawo da kwano wayam.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ban fita ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Ya kira. Ga abin da na fahimta. Inda take ajiye kaya a kulle yake, kuma a manne yake da jikinta, ba a cirewa a sa a wata. Da aka katse ta sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta ja ƙofa. Filin nan da na gani, lambobi arba'in da takwas yake jira. In babu su, ko wanda ya ƙera ta ba zai buɗe ba. Ya ce yawanci ana samo su ta wayar mai ita.

Wayar ba a same ta ba. Takalmi aka kawo mana, da mayafi.

Na sake kiran Adawiyya. Ta ce yarinyar ba ta yarda da kanta ba wajen tuna lamba, komai rubutawa take yi a wani kaye, littafin rubutu mai koren bango. Na san shi. Da hannuna na sa shi a kwalin littattafan da aka kai Djougou, ban buɗe ba.

Asabar, 19 ga Yuli, safe

Ɓarawo. Kalmar ta ƙi barin kunnena.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Alhaji ya dawo jiya. Ya rame. Yana cin abinci kamar wanda aka sa dole. Tun ranar nan ba mu yi zancen ba ko sau ɗaya, shi ma ai ta fari ce a wurinsa.

Na ce ina so in je in duba idon Hajiya. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Hanyar," ya tsaya. Can ya ce in hau babbar mota ta safe, ban da ƙananan nan masu lodi. Na ce to. Ƙarya ta nawa ke nan, na daina lissafi.

In kayen ba ya cikin kwalin fa. In yana ciki, lambar ba ta ciki fa.

Litinin, 21 ga Yuli, Djougou, bayan la'asar

Na iso.

Da muka wuce Tourou na rufe ido. Na san mun kai gadar Bétérou daga yadda ƙarar taya ta canza. Matar da ke kusa da ni ta fara nuna wa 'yar'uwarta wani wuri ta taga, tana ba ta labari. Na toshe kunne da mayafi ina salati har muka kai Partago.

Hajiya ta ce idonta lafiya lau, wa ya aiko ni. Ɗakin yarinyar a rufe, makullin a bakin zanenta.

Talata, 22 ga Yuli, hantsi

Na share tsakar gida sau biyu. Na wanke kwanonin da aka riga aka wanke. Na kai bakin maganar sau uku na haɗiye.

Bayan azahar

Ita ta fara. Muna zaune tana ɓare goro, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Rabi, abin da kika tura ƙarƙashin gado ranar nan, ya lalace ko?"

Ta ce idonta ɗaya ne ke ciwo, ɗayan ya ga wutsiyar waya a ƙasa. Ta ce kwana uku tana kwance a kan abin tana jira in yi magana.

Na faɗa mata duka. Muryar, talatin ɗin, yadda na fizge. Ban san lokacin da kuka ya zo ba, kukan da ban yi a makoki ba. Na rufe fuska ina cewa ta yafe mini rashin kunya.

Ta bari sai da na lafa. Ta ce ita ma nata na fari, yayan Alhaji, ƙyanda ta ɗauke shi yana hannun uwar mijinta, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya gaban mutane ba, aka yi ta yabonta. Ta ce yau shekara hamsin da wani abu, ko kamanninsa ba ta iya tunawa, yabon kuma bai taɓa ɗebe mata kewa ba.

Ta kwance makullin ta jefo mini a cinya. Ta ce in ban ga lambar ba kada in fito.

La'asar

Kayen yana ƙasan kwalin. Rubutunta ƙanana, a tsaye. Ban taɓa zama na kalli rubutunta ba. Akwai lambobi iri-iri, na rasa wacce ce. A bangon baya na ga wasu a jere, shida-shida, da ɗan layi tsakani. Na ƙirga da yatsa sau uku. Arba'in da takwas.

Ɗakin yana ƙamshin man da take shafawa. Na daɗe ban fito ba, ba wanda ya kira ni.

Laraba, 23 ga Yuli, Parakou, yamma

Hajiya ta biyo ni. Ta ce ba za ta bar mai saurin hannu ita kaɗai da abin ba. A gada ta kama wuyan hannuna ta matse har ya yi shaida. Ita ma idonta a rufe.

Ta ce wa Alhaji likita ne ya ce ta dawo. Yanzu mu biyu ke ƙaryar.

Alhamis, 24 ga Yuli, shagon Malam Hamissou, ƙarfe sha ɗaya

Ina rubutu a kan gwiwa. Hajiya ta tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa, ashe ta san babansa, Sanoussi mai goro. Ta ce baban ya fi shi tsaftar shago. Ya ce goro ba ya zuwa da igiyoyi.

Ni na karanta lambobin, shi yana dannawa. A karon farko ta ƙi. Ya karɓi kayen ya duba, ya ce ɗayanta da bakwai ɗinta kama suke yi, na karanta ɗaya a wurin bakwai. Muka sake. Shafin ya tafi.

Ya gwada kwaso bidiyon ta wata hanya kafin komai, ta ƙi ba shi. Ya ce ba dabara, sai ta gama abin da ta fara. Ya ce zai iya yiwuwa ta gama lafiya, zai iya yiwuwa ta tashi babu komai. Bai ɓoye mana ba.

Ɗigon sun dawo. Sha biyu.

Ƙarfe ɗaya

Talatin. Ya Allah.

Ƙarfe uku

Talatin. Hadari ya haɗu ta gabas. Na zauna a kan hannuwana.

Bayan la'asar

Iska ta taso, kuran ya ɗauke, duk layin ya yi tsit. Na ji ihu, ashe ni ce. Amma gilashin bai mutu ba. Wani akwati a ƙarƙashin tebur ya fara ƙara, tit, tit. Malam Hamissou ya ce shi ke riƙe da ita, amma minti ashirin kawai yake iyawa. Ya fita cikin ruwan da gudu, dattijo da shi, ya dawo rungume da batirin solar maƙwabcinsa, jallabiyarsa sharkaf. Yana haɗa wayoyi, yana cewa kada wanda ya yi masa magana. Hajiya tana jan carbi da ƙarfi har ina jin ƙarar 'ya'yan.

Ta tsaya da ranta. Talatin.

Ya ce mu tafi gida, kallo ba ya sa ta sauri. Zai bar ta a kan batirin, ba zai kashe ba ko da shagon ne zai kwana buɗe.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan asuba

In ta tashi babu komai, ni na yi. Ba kuran ba, ba hanya ba. Wannan ni ce.

Ƙarfe tara

Sittin da ɗaya. Ya ce shi ma bai ga lokacin da ta motsa ba.

Ƙarfe goma da rabi

Tamanin da takwas. Ta mutu ta tashi sau biyu. Ya rantse mana haka take yi.

Bayan la'asar, gida

Ta buɗe.

Kalmar shiga tana shafin farko na kayen. Ya nemo inda bidiyon suke. Goma sha biyar ne. Ya danna na farko, ta ce ba ya buɗuwa. Na biyu haka. Na uku haka. Yana dannawa yana sauka. Katsewar nan ta taɓa su. Ya ce zai gwada gyarawa, amma ba zai yi mini alkawari ba.

Na goma sha ɗaya ya buɗe.

Tana zaune a ƙasa bakin ƙofar falonmu, da ɗankwalin nan mai ruwan ƙasa. Ta gyara zama, ta fara Faransanci, bonjour à tous. Muryar ta fi yadda nake zato kauri. Ashe da ɗan kauri take. Ta yi layi biyu ta kakare, ta bushe da dariya, ta bugi goshinta ta ce wa kanta, "Kai, Lubabatu, sake."

Sai wata murya daga tsakar gida: "Ke! Zo ki sauke tukunyar nan."

Muryata.

Ta waiwaya ta ce, "Na'am, Yaya, ga ni nan." Yaya take ce mini, tun tana ƙarama haka aka koya mata. Sai ta juyo, ta matso da fuskarta kusa, ta rage murya kamar mai gulma, tana murmushi, ta ce, "Ku dakata. Uwata ke kira."

Hannunta ya taho, gilashin ya yi baƙi.

Minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu. Malam Hamissou ya tashi ya ce zai je ya mayar da batirin mutane, ya daɗe bai dawo ba. Kafin mu tafi ya kwafa shi wuri uku, har da wayata.

Da muka shigo gida na sa kwamfutar a jakarta, na haɗa da kayen, na kai gaban Hajiya na durƙusa. Na ce ga kayan 'yarta, gobe in za ta koma sai a sa mata a mota.

Ta tura jakar da ƙafa ta dawo gabana.

Ta ce, "Me zan yi da ita? Ni shekara goma sha bakwai gare ni a kunne. Ke riƙe minti ɗayanki."

Alhaji ya shigo daga masallaci ya same mu a haka. Ya dubi jakar, ya gane ta. Hajiya ta ce masa ya zauna.